Maƙwabciyar Ramatu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni baki na ci abinci da shi a ƙasar da ba tawa ba.

Yaranmu masu karatu a jami'o'in Lyon sun sha tare ni bayan sallar Juma'a, wai in kai su wurin da nake aikin tafinta, su ma su riƙa samun na sabulu a ranakun da ba karatu. Wani ɗan Tawa mai fara'a a cikinsu ya ce mini, "Baba Usmanu, aikin nan ai a zaune ake yin sa. Ta faɗa da Hausa, ka maida da Faransanci, an tashi." Ban ji haushinsa ba, don ni ma da wannan tunanin na shiga. Faransancinku ya fi nawa. Ni aji shida na tsaya a lakwal, makarantar boko, a Tasawa, sauran a titi na tsinta. Saboda haka ba kalmomi zan koya muku ba. Zan dai rubuta muku yadda aikin yake a ɗaki guda, ɗakin da matanmu ke zuwa neman hutun haihuwa, don a can na fi daɗewa, a can kuma na fi yin ɓarna kafin in gyaru.

Dako nake yi a Aubervilliers, can gefen babban birnin ƙasar, lokacin da aikin ya same ni. Kwalayen tufafi muke saukewa daga manyan motoci muna jerawa a sito, tun safe har bayan mutum ya ƙi miƙewa. Wata rana na raka abokin dakona gidan waya, yana rigima kan saƙon da ya aika gida bai isa ba. Ina faɗa masa abin da ma'aikaciyar ta ce, ina faɗa mata nasa. Wata dattijuwa da ke bayanmu a layi ta jira muka gama, ta ce in tsaya. Hajiya Mariyama ke nan, mutuniyar Damagaram, wadda ta daɗe tana yi wa mata tafinta a wani gidan likita na mata da yara a Stains. Ta ce gwiwoyinta sun gaji da matakalar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, tana neman mai karɓarta. Na ce, Hajiya, namiji a ɗakin mata? Ta ce, "Mace na nema ban samu ba, ɗana. Masu karatu suna ofis, marasa karatu suna goyo. Kai Allah ya kawo, sai mu yi haƙuri da kai."

Watannin farko ban ce uffan ba. A bayanta nake zama, bayan ta tambayi mace ko ta yarda in zauna. Wadda ta ƙi, in fita baranda. Ungozomar wurin, wadda muke ce wa sajfam, sunanta Madam Odil, doguwa mai furfura, ba ta gaggawa. Tana da wani akwati na roba a kan teburinta, shi ne kayan aikinmu duka. A ciki akwai katin ƙwaya da ake sha kullum, da kwalbar allura, da wani ɗan tsinke mai laushi da ake sawa ƙarƙashin fatar dantse ya yi shekaru, matanmu ashana suke ce masa. Akwai wani ɗan abu mai kamar gwafa da zare a gindi wanda ake sawa cikin mahaifa, shi kuma roba suke kiran sa. Sai wata mahaifa ta gwaji mai buɗewa biyu, don mace ta ga inda abin zai zauna da idonta. Ranar da na fara ganin Madam Odil ta buɗe mahaifar nan, na rasa inda zan sa idona, na yi ta kallon kalandar bango.

Hajiya ta lura. Da muka fito ta zaunar da ni a wani benci, ta ce in faɗi sunan kowane sashe na jikin mace a fili. Na faɗa da kalmomin 'yan dako, ta ce in je in wanke bakina. Na faɗa da Larabcin malaman zaure, ta ce babu matar da za ta gane. Sai ta koya mini na ukun, kalmomin da tsofaffi ke yi wa mai jego magana da su a bayan ɗaki, waɗanda babu batsa a cikinsu kuma ba su ɓoye ma'ana. Ta sa na yi ta maimaitawa har muryata ta daina rawa, ta daina kuma neman dariya. Ta ce in mace ta ji kunya a muryar tafinta, sai ta ɗauka abin da ya kawo ta abin kunya ne, ta tattara zaninta ta tafi.

Sai zaman kujera, wanda shi ma karatu ne. Ba a zama gaban mace, don idonka zai hana ta magana. Ba a zama gefen sajfam, don za ta ga ku biyu ne a kanta. Ana zama kusa da kafaɗarta, ɗan baya kaɗan, ka fuskanci baturiya, muryarka ta fito kamar daga wajenta. In an zo awo, ka tashi ka koma bayan labule ka fuskanci bango. Na san fentin bangon nan fiye da na ɗakina.

Aikin farko da Hajiya ta bar ni ni kaɗai, wata yarinya ce 'yar Maradi da jariri a goye. Na yi abin da duk mai tarbiyya zai yi. Na gaishe ta, na tambayi gajiya, na tambayi jariri, na tambayi maigida, na tambayi wace unguwa ce a Maradi. Kafin Madam Odil ta gama wanke hannu na gano mijinta ƙanen wani ne da muke sahu ɗaya a masallaci a Barbès, har na ce ta gaishe mini da shi. Ni a ganina na kwantar mata da hankali. Da aka tambaye ta abin da ya kawo ta, sai ta ce ciwon baya. Aka rubuta mata maganin ciwon baya ta tafi. Hajiya ce ta shiga motar bis da gwiwoyin nan nata, ta bi ta har gida, ta dawo da ita wani mako. Ni kuma ta ce mini, "Gaisuwarka tana da kyau, Usmanu. Ka riƙa barin ta a masallaci." Tun daga nan sallama ɗaya nake yi, in ce abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya, shi ke nan. Wannan ya fi mini wuya fiye da duk kalmomin benci. A titi kuma in na haɗu da matar da na yi wa aiki, ban gan ta ba, sai in ita ta fara gaishe ni. Akwai waɗanda har yau suna cewa Usmanu girman kai gare shi.

Abin da ya fi ɗaure wa sababbin zuwa kai shi ne ba a biya. Mai katin lafiya na marasa ƙarfi, katin ke ɗauka. Wadda ba ta da ko takardar zama, gidan likitan na ba ta daga kabad ɗinsu, ba a neman sa hannun miji, ba a gaya wa kowa. Wata 'yar Ƙwanni ta taɓa riƙe katin ƙwaya tana juyawa, ta ce in tambayi baturiyar nan, in abin alheri ne me ya sa ba a sayar da shi. Ita dai tun da take ba ta ga an ba talaka abu mai kyau a banza ba, sai in ana son a ƙarar da irinsa. Na so in goge maganar kafin in miƙa, don na ga kamar zagi ce. Amma Hajiya ta hana ni yi wa magana kwalliya, sai na miƙa ta yadda take. Madam Odil ba ta ɓata rai ba. Ta tambayi aikin mijin, aka ce wanke-wanke a gidan abinci. Ta ce to ba kyauta ba ce, daga albashinsa ake cira kowane wata, haƙƙinta ta zo karɓa. Kuma ranar da ta so ciki, ta daina sha, ta dawo nan ɗin dai a riƙa auna ta, shi ma ba biya. Matar ta jefa ƙwayar a jaka ta ce in haka ne a ƙara mata.

A ɗakin nan na ga abin da rashin biya ke yi. A gida mace tana ɗaukar abin da hannunta ya kai, ko wanda ya rage a gidan likita. A nan da aka cire maganar kuɗi, zamanta ne ke zaɓa mata. Mai sharar ofisoshi da ke fita kafin asuba ta dawo ta zube, ba ta son ƙwaya, ta san mantuwa za ta yi. Wadda hukuma ke kwanar da ita a otal, wannan mako nan, wani mako can, da yara da jakunkuna, ashana take so, abin da ba zai ɓace a ƙaura ba. Wadda ke zaune gida ɗaya da dangin miji ba ta son abin da za a gani a aljihun tebur. Wata kuma ƙwayar ta zaɓa don a hannunta take, ranar da ta ga dama ta bari, ba sai ta roƙi kowa ya cire mata ba. Da farko ina da nawa ra'ayin, kuma yana fita a bakina. Wanda nake so in bayyana shi da daɗi, wanda ba na so in taƙaita. Madam Odil ba ta jin Hausa, amma tana jin tsawo. Ta ce, "Usmanu, na yi magana mai tsawo, ka yi gajera. Ina sauran?" Na sunkuyar da kai na kawo sauran.

Yawancinsu ba haihuwa suke gudu ba, kwanika suke gudu. Ku da kuka tashi a gida kun sani. Mace ta haihu, ta tafi wankan jego wurin uwarta, ta daɗe, in ta dawo ma akwai tsofaffi masu sa ido, miji kuma ya san ɗan da ke nono yana da haƙƙi har yaye. Wadda ta yi ciki da goyo a baya, har habaici ake mata a bakin rijiya. A Stains babu ɗakin uwa, babu tsohuwa, ɗaki ɗaya ne da gado ɗaya, kuma 'yan kwanaki bayan haihuwa an sallame ki. Abin da tsofaffi ke tsarewa a gida, shi akwatin Madam Odil ke tsarewa a nan. Maza ma da yawa sun gane. Wani mai gadi ɗan Madawa ya kawo matarsa da kansa, ya tsaya a ƙofa da hula a hannu, ya ce mini, "Malam, ni ba zan shiga ba. Ka dai ce musu ta gaji."

Bayan wasu shekaru Hajiya ta koma Damagaram wurin jikokinta, ni kuma ƙanen matata ya samo mana gida mai ɗan faɗi a Vénissieux, muka dawo Lyon. Lokacin ƙungiyar tafintocin da ke ba mu aiki ta ƙarfafa tafinta ta waya. Kayan aikina suka koma uku: waya, ɗaki mai shiru, da kofin ruwa. Kira na zuwa daga ko'ina, har daga Stains ɗin da na bari. Nisan ya taimaka, don mace in ta ji mai maganar yana wani gari, ba za ta haɗu da shi a kasuwa ba, bakinta na sakewa. Har ana yi mini tsiya. Wata Kirista 'yar Kafanchan ta ji na ce randebu da ardonas, ta ce, "Baba, wannan Hausar taka ai ita ma tana neman tafinta." Muka yi dariya, na koyi cewa ranar ganin likita da takardar magani.

Amma waya ba ta da ido. Dole ka koyi gani da kunne. Takardar da ake shimfiɗawa kan gadon awo tana da ƙararta, sauke goyo yana da tasa, mace mai kallon ƙasa muryarta daban da mai kallon sajfam. Shiru ma iri-iri ne. Akwai na wadda ta gama, akwai na wadda ba ta gane ba tana jin nauyin faɗa, akwai na wadda ke tattara ƙarfi. Na sha katse na ukun ina zaton na farko ne.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda talabijin ya yi ta maganar wasu ƙwayoyi da aka ce suna daskarar da jini. Gaskiya akwai irin da likitoci suka ja kunne a kansu. Amma kafin labarin ya gama bi ta wayoyin matanmu daga Barbès zuwa Vénissieux, ya zama duk maganin hutu kisa yake. Mata suka zubar da ƙwaya a shara ba su gaya wa kowa ba. Wasu suka yi layi a cire musu ashana da roba, waɗanda ba su cikin zancen ma. Wayata ba ta hutawa, kuma magana ɗaya nake maimaitawa safe da yamma. A nan na ɗauki mugun hali, na fara ganin na san abin da mace za ta ce kafin ta buɗe baki.

A cikin shekarar ne, farkon watan Sha'aban, bayan azahar, Madam Odil ta kira daga Stains. Ta ce tana tare da wata mata mai suna Ramatu, Faransancinta bai wuce na cefane ba, ta zo a cire mata ashana. Ta karanto abin da ke gabanta, ta ce in maimaita wa matar don ta san abin da aka faɗa mini. 'Ya'ya uku, duka da tiyata aka ciro su, na ƙarshen bai kai shekara ba, yana nono. Likitan da ya yi ta ukun ya ce bangon mahaifar ya yi siriri, ciki nan kusa na iya tsaga ta, a rasa uwa ko ɗa ko duka biyun. Shi ya sa aka sa mata ashanar kafin a sallame ta. Ramatu ta ce ta sani, an gaya mata tun tana gadon likita. Muryarta ƙasa-ƙasa take, Hausar Gobir, ina jin yaro a bayanta yana wasa da makulli.

Madam Odil ta tambayi dalili, Ramatu ta ce a dai cire. Madam Odil ta ɗauka zancen talabijin ne, ta yi dogon bayani cewa ashana ba ta cikin waɗanda ake magana a kansu, na miƙa duka. Ramatu ta ce ta ji, su ko talabijin ba su da shi, a dai cire. Ni a raina na riga na yanke cewa miji ne ya lalubo abin a dantsenta ya yi faɗa. Madam Odil ma ta tambaya ko wani ne ya matsa mata. Ramatu ta ce maigidanta da saninsa aka sa, yanzu ma yana baranda da manyan yaran. Aka nuna mata ƙwaya irin ta masu shayarwa, ta ce a'a. Aka ambaci allura, ta ce a'a. Da aka zo kan roba ba ta bari an gama ba, ta ce ta huta da magani, Allah zai tsare.

Madam Odil ta ce jikinta ne, ba za ta riƙe wa mace abu a jiki da ƙarfi ba. Ta ce in tsaya a kan waya. Na ji takardar gado, na ji ƙarfe a faranti. Na gaya wa Ramatu za ta ji tsinin allurar kashe zafi, sai ɗan ja. Ko tari ba ta yi ba. Can Madam Odil ta ce ya fito, ta naɗe dantsen. Ta ce in gaya mata a fili, daga yau ba ta da kariya, ciki na iya shiga nan da 'yan kwanaki, kuma ƙofar nan a buɗe take duk ranar da ta sake shawara. Sai ta tambaya ko akwai sauran magana.

Na ji Ramatu ta saɓa goyo ta ɗaure, amma ban ji takunta ya nufi ƙofa ba. Shirun ya yi tsawo. Na kusa cewa Madam, ta gama. Allah ya riƙe bakina.

"Malam," in ji ta, "akwai wata maƙwabciyata."

Na ce ina ji.

"Ita ma an sa mata irin wannan. Tun da aka sa, jini bai tsaya mata tsayuwar kirki ba. Yau ɗigo, gobe babu, jibi ya dawo. Ta yi wanka ta ta da salla, kafin la'asar ta gani. Wata da watanni ba ta san ranar tsarkinta ba, ba ta san sallar da ta yi daidai ba da wadda ta bari a banza. Ga azumi ya matso. Bara tsohon ciki ya hana ta, ramuwa na kanta, bana kuma ga wannan." Ta numfasa. "Ita ce ta ce in tambaya mata."

Ku da za ku shiga aikin nan, a irin wannan wurin yake. Na san babu wata maƙwabciya. Haka matanmu suke yi in magana ta yi musu nauyi a gaban namiji, su aro wata su ɗora mata. A shekarun farko na taɓa ce wa wani likita ai kanta take nufi, matar ta tsinci maganar a Faransancina, ba ta ƙara buɗe baki ba. Don haka na miƙa wa Madam Odil maƙwabciyar yadda aka ba ni ita. Abu na biyu da ya taso mini shi ne wa'azi. Na yi karatun allo da ɗan littafi, na san malamai sun raba jinin al'ada da jinin ciwo, bakina yana ƙaiƙayin ba da fatawa. Amma ba malami aka kira ba, kuma in na yi kuskure, sallar baiwar Allah ce. Sai na nemi izininsu su biyun in ƙara bayani ɗaya nawa. Na tuna wa Madam Odil cewa a wurinmu mai jini ba ta salla ba ta azumi, kuma azumi saura makonni. Na maimaita wa Ramatu abin da na faɗa, don kada ta ga an yi da ita.

Madam Odil ta ce, kash, azumi, shekarar nan talabijin ya cika mata kai har ta manta watan da ake ciki. Na ji ta jawo kujera, na ji murfin akwatin. Daga nan har ƙarshe ba ta ce wa Ramatu ke ba ko sau ɗaya. Ta ce a gaya wa maƙwabciyar tana da gaskiya, ashana na yi wa wasu mata haka, ba cuta ba ce amma ba dole ta zauna da shi ba. Akwai roba mai jan ƙarfe, wadda babu magani a cikinta ko kaɗan, ba ta rikita al'ada, ba ta taɓa nono. Jini ya zo da lokacinsa ya tafi da lokacinsa, mace ta ƙirga kwanakinta yadda ta saba. Ba ta ɓoye aibinta ba. Ta ce jinin na iya fin na da yawa, da ciwon mara a watannin farko, kuma bayan sawa ana iya ganin ɗan ɗigo kafin jiki ya daidaita, don haka gara maƙwabciyar ta yi tun azumi bai kama ba.

Ramatu ta ce maƙwabciyar ta ji an ce robar tana tafiya a ciki har ta kai zuciya. Madam Odil ta ba ta mahaifar gwajin ta riƙe, ta nuna mata inda abin ke zama, ta ce kuma ana dawowa a duba zaren bayan 'yan makonni. Ramatu ta tambaya ko mijin maƙwabciyar zai ji zaren, aka ce ana rage shi. Ta ce ita ma maƙwabciyar an yi mata tiyata. Madam Odil ta tambayi sau nawa, kamar ba ta sani ba. Aka ce uku. Ta ce tiyata ba ta hanawa tunda an jima da yi. Ramatu ta ce mijin maƙwabciyar aikinsa ya tsaya a watan nan. Madam Odil ta ce ba a biya, tana da su a kabad. Kuma in an huta, likitan tiyata ya duba ya ce babu laifi, zare kawai za a ja ta fita.

A nan na ji Ramatu ta yi 'yar dariya, ta farko tun da aka kira ni. Ta ce maƙwabciyar nan tata duk maza ta haifa, tana son mace ko guda. Madam Odil ta ce to ta fara hutawa, 'ya mace tana son uwa mai ƙarfi da za ta yi mata kitso. Sai ta rufe akwatin, ta ce a gaya wa maƙwabciyar ta zo duk ranar da ta shirya, ba sai ta nemi randebu ba, ta dai ce a ƙofa ita ce maƙwabciyar Ramatu. Na miƙa.

Yaron ya yi ɗan ƙorafi. Na ji ana kwance zani.

"Malam."

"Na'am."

"Ce mata kada ta wahala da jira. Maƙwabciyar ta zo. Sai dai ba ta da mai riƙe mata yaro."

Na faɗa da Faransanci. Madam Odil ta ce ai ta ga mijin maƙwabciyar a baranda, kuma hannu biyu gare shi. Na ji an buɗe ƙofa, na ji muryar namiji yana cewa kawo shi, kawo shi, zo nan ɗan baba. Aka rufe.

Madam Odil ta bayyana yadda ake sawa daki-daki, na miƙa, Ramatu ta ce ta yarda. Madam Odil ta ce sauran aikin da hannu da ido za su yi shi su biyu, in an buƙace ni za ta sake kira. Kafin ta ajiye, Ramatu ta matso kusa da wayar ta ce, "Malam, Allah ya kai mu azumi lafiya." Na ce amin, Allah ya karɓa mana. Aka katse.

Ba a sake kira ba a ranar. Azumi ya zo ya wuce, aka yi salla. Kafin wani azumin ya zagayo, matan da suka zubar da ƙwaya a shekarar nan suka fara dawowa awon ciki, wasu da goyo a baya, wasu suna kuka a wayar ina neman yadda zan maida kuka Faransanci. Ni kaɗai ne bakin Hausa da Madam Odil ke kira a lokacin. Duk kiran da ya zo daga Stains, nakan kasa kunne in ji muryar da za ta amsa sallama. Cikin masu awon cikin nan na ji muryoyi da yawa da na sani. Ta Ramatu ba ta ciki.